Gammo Ashirin da Uku



Duk wanda ya daɗe yana karanta littattafanmu na Hausa ya san cututtukan da marubuta suka fi ƙauna. In an raba yarinya da masoyinta, ciwon zuciya ne zai kama ta. In ɗa ya ɓata wa Alhaji rai, hawan jini ne zai kwantar da shi. In kuwa kishiya ce ta tashi aikinta, to sai hauka ko shanyewar ɓarin jiki. Amma ni dai har yau ban ci karo da littafin da jarumi ya kasa zuwa zance saboda ciwon baya ba, alhali kuwa in za a bi gida-gida a tambaya, da wuya a samu gidan da babu mai dafe ƙugu in zai miƙe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma babu wata lalura da ta kai shi hana mutane aiki a duk faɗin duniya.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne mutum biyu a danginmu, yayata da muke ciki ɗaya da kuma kawuna ƙanen mahaifiyarmu. Abu ɗaya ne ya lalace a bayansu, amma ƙarshen labarinsu ya sha bamban. Daga abin da ya same su na fahimci cewa ciwon baya iri biyu ne, akwai mai son haƙuri, akwai mai son gaggawa, mu kuma mun saba yin gaggawa a wurin haƙuri, mu yi haƙuri a wurin gaggawa. Kafin in ba ku labarinsu, bari mu fara duba abin da ya lalace ɗin.

Ranar Babbar Sallah in an zo sarar gadon bayan rago, ko in ana shan farfesun jelar sa, mai karatu ya lura da kyau zai ga tsakanin kowane ƙashi da mai bi masa akwai wani farin abu mai kama da guringuntsi, zagayayye, wanda wuƙa ke ratsawa ba tare da wahala ba. To irinsa ne a bayanka. Likitoci na kiransa faifai, ni kuwa na fi son in kira shi gammo, domin aikinsu ɗaya da gammon da mai talla ke ɗorawa a ka: ya shiga tsakanin abu mai tauri da abu mai tauri, ya raba nauyi, ya hana gugar juna.

Ƙasusuwan baya masu motsi 24 ne a jikin mutum: 7 a wuya, 12 a inda haƙarƙari ke maƙale, 5 a ƙugu. A ƙasansu akwai wasu 5 da suka manne suka zama ƙashi guda mai faɗi, sai 'yan ƙanana na tsinin mazaunai. Gammon da ke tsakaninsu 23 ne, saboda ƙashi na farko da na biyu na wuya ba su da shi, su juyi suke yi a kan juna don ka samu damar waiwaye. In aka haɗa kaurin gammon nan duka, ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon gadon bayan. A bayan ƙasusuwan kuma akwai rami da ya bi tun daga ƙeya har ƙasa, a cikinsa laka take kwance, daga jikinta jijiyoyi ke fita dama da hagu, suna bi ta gefen kowane gammo su tafi hannu da ƙafa.

Shi gammon kansa kashi biyu ne. Gefensa bango ne mai ƙwari, ninki-ninki kamar ɓawon albasa, ninki 15 zuwa 25, zaren kowane ninki ya gitta na kusa da shi kamar saƙar tabarma. Tsakiyarsa kuwa abu ne mai laushi, kwatankwacin romon ƙafar sa in ya kwana ya daskare, kuma a jikin matashi kusan kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne. In ka sunkuya gaba, wannan mai laushin sai ya matsa baya, in ka miƙe ya dawo. Wani abin mamaki, a jikin baligi jijiyoyin jini ba sa shiga cikin gammon. Abincinsa tsotsa yake yi daga ƙashin sama da na ƙasa, kamar soso, a matse shi ya fitar da ruwa, a sake shi ya zuƙa. Shi ya sa kowa da safe ya fi kansa tsawo da yamma da santimita ɗaya ko biyu, saboda nauyin yini ya matse ruwan. 'Yan sama jannati da ke daɗewa a inda babu nauyi har santimita 5 suke ƙarawa, in sun dawo ƙasa su koma yadda suke. Wato dai motsi shi ne cimar gammo, dogon zama wuri ɗaya kuwa horon yunwa ne gare shi.

Akwai wata kalma da ke ruɗa mutane, a ce wai faifan wane ya goce. Gammon nan ba ya gocewa, domin a manne yake da ƙashi sama da ƙasa, manni mai ƙarfi. Abin da ke faruwa shi ne bangon ya tsufa ko ya gaji ya tsage, sai na cikin ya kunno kai ta tsagar ya danne jijiyar da ke wucewa ta wurin, ya kuma sa ta kumbura. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa na cikin ɗaki ne ke samun wurin fita. Don haka duk wanda ya ce maka zai mayar maka da shi da babban yatsa, ko a sa yaro ya tattaka maka baya ya koma mazauninsa, bai san abin da yake magana a kai ba. Kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na wannan tsagewa a ƙugu tana faruwa ne a gammo biyu na can ƙasa, inda nauyin gangar jiki duka yake sauka.

To yanzu ga labarin Yaya. A shekarar 2016 ne, tana da 'ya'ya huɗu, tana koyarwa a makarantar firamare, da yamma kuma ta hau keken ɗinki. Wata Asabar ta sunkuya za ta ɗauki bahon wanki cike da jiƙaƙƙun kaya, sai ta ji kamar an soke ta da tsinke a ƙugu. Kafin kwana uku ciwon ya sauko ta mazauninta na hagu, ya bi bayan cinya, ya ratsa sha-raɓa har ɗan yatsan ƙafa. Ta ce ji take kamar an ɗaura mata wayar wuta. In ta yi tari ko atishawa sai ta saki ƙara. Zama ya gagare ta, sai dai ta tsaya ko ta kwanta a gefe ta naɗe ƙafa.

Kun san halinmu da majinyaci, kowa likita ne. Wannan ta ce basir ne, waccan ta ce sanyi ne ya taru, Gwaggo ta ce a kira wanzami ya yi mata ƙaho, wata maƙwabciya kuma ta ja mahaifiyarmu gefe ta ce a dai bincika, don wannan ciwo bai yi kama da na Allah da Annabi ba. Mijinta ya ce a je a yi hoto. Aka je wani wurin ɗaukar hoto mai zaman kansa, aka saka ta a na'urar nan mai maganaɗisu da ake kira MRI, aka biya kuɗi masu yawa. Hoto ya fito, ga gammo na ƙarshe ya fashe, abin cikinsa ya fito ya kwanta a kan jijiya, ko wanda bai yi boko ba in an nuna masa zai gani. Wani ma'aikaci a wurin, wanda ba shi ne likitanta ba, ya kalle ta ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, in kuna da hali ku fita waje a yi aiki da wuri, in ba haka ba keken guragu ne."

Daren nan babu wanda ya runtsa. Washegari Yaya ta fito da sarƙarta da 'yan kunnenta na gwal, mijinta ya fara neman mai sayen filinsa, ana ta tambayar kuɗin jirgi zuwa Indiya ko Masar. Allah Ya taimake mu, wani aminin mahaifinmu ya ce kafin a sayar da komai a kai ta wurin wani dattijon likitan ƙashi da ya sani. Shi wannan bawan Allah bai ma fara da hoton ba. Ya sa ta taka a kan dunduniya, ya sa ta taka a kan yatsu, ya ƙwanƙwasa mata gwiwa da agara, ya ɗaga ƙafarta tana kwance, ya tsikare ta da tsinke nan da can yana tambaya ko tana ji. Sannan ya sa aka fitar da mu maza, ya bar ta da ma'aikaciyar jinya, ya tambaye ta game da fitsari da bayan gida. Da ya gama ya kira mu ya ce, "Hajiya, ke za mu yi wa magani ko hoton? Ƙafarki da ƙarfinta, fitsarinki lafiya. Ki ba ni sati shida. Ki mayar da gwal ɗinki akwati."

Ya rubuta mata maganin rage zafi da kumburi na ɗan lokaci, ya tura ta sashen gashin ƙashi, ya kuma hana ta kwanciyar da muka tilasta mata. Ya ce ta riƙa tashi tana zagaya tsakar gida ko da tana ɗingishi, yau kaɗan gobe ta ƙara. Sati uku na farko Yaya har kuka take tana cewa an ƙi yi mata aiki ne don ba ta da kowa. A sati na biyar ciwon ya janye daga yatsa ya koma sha-raɓa, daga nan ya koma cinya. Wata uku ta koma aji. Filin yana nan, har an gina shi.

Daga baya na karanta abin da dattijon ya dogara da shi. A shekarar 1994 wasu likitoci a Amurka sun ɗauki hoton bayan mutum 98 waɗanda ba sa jin ciwon komai, sai aka samu kashi 36 cikin 100 ne kawai gammonsu duka yake lafiya, fiye da rabinsu akwai inda ya bunƙuro. A 2015 kuma aka tattara bincike masu yawa irin wannan, aka ga cewa a cikin masu shekara 20 marasa ciwo kashi 37 cikin 100 gammonsu ya fara tsufa, a cikin masu shekara 80 kuwa kashi 96. Ashe tsufan gammo kamar furfura ne, sai dai ita furfura ana ganinta a madubi. Daɗin daɗawa, shi abin da ya fito ya danne jijiyar, jiki yana ɗaukarsa a matsayin baƙo, ya turo masa ƙwayoyin da ke share datti su cinye shi a hankali. A kusan biyu cikin uku na masu wannan lalura, in aka sake hoto bayan watanni sai a ga ya ragu ko ya ɓace. Mafi yawan mutane suna samun sauƙi cikin sati 6 zuwa 12 ba tare da an taɓa su da wuƙa ba.

Kada wani ya ɗauka ina kushe aikin tiyata. Tun 1934 da likitoci biyu a birnin Boston, William Mixter da Joseph Barr, suka nuna wa duniya cewa fashewar gammo ce ke haddasa wannan ciwo mai sauka ƙafa, kuma ana iya cire abin da ya fito mutum ya samu sauƙi, aikin ya ceci mutane da dama. Wanda ciwonsa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa bayan watanni, ko ƙafarsa ke ƙara mutuwa kullum, aiki ne maganinsa. Akwai kuma wanda aikinsa ba ya jiran wayewar gari, kuma a nan labarin Kawu ya shigo.

Kawu ya yi dako a kasuwa shekara da shekaru yana saurayi, daga baya ya koma ƙauye ya kama noma. Ciwon baya abokin zamansa ne, ba ya ma lissafa shi cikin ciwo. In ya motsa masa ya aika a sayo masa haɗin ƙwayoyi a kemis, ya kora da ruwa, ya ɗauki fartanya. Da kakar 2019 ya ɗaga buhun masara zai aza a amalanke, sai ya ji wani abu ya tsinke masa a tsatso. Aka kawo shi gida a kan amalanken. Ciwon ya sauka ƙafa biyu a lokaci ɗaya. Bayan kwana biyu sai zafin ya ɗan lafa, kowa ya yi hamdala, ashe ba sauƙi ba ne, jijiyoyin ne suka fara mutuwa.

Abin da Kawu bai gaya wa kowa ba shi ne, in ya zaga ya zo tsarki ba ya jin taɓawar ruwa a jikinsa. Matse-matsinsa da gabansa da bayansa duk sun zama kamar ba nasa ba. Mararsa ta cika ta yi tauri amma fitsari ya ƙi zuwa, daga baya kuma ya riƙa zuba da kansa bai sani ba. Dattijo mai 'ya'ya da surukai da jikoki, wa zai kalla ya gaya wa wannan? Matarsa ta tambaye shi, ya ce, "Sanyi ne, ki bar shi." Aka ɗauko maɗori ya murza, ya ɗaure masa ƙugu da kara. Aka shafa mai, aka sha jiƙo. Sai a kwana na takwas matar ta kasa daurewa, ta zo wurin mahaifiyarmu ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, Malam fa shimfiɗarsa kullum a jiƙe nake samunta, ya ce kada in gaya wa kowa."

A daren muka ɗauko shi zuwa babban asibiti a birni. Likitan da ya duba shi, yaro ne sa'an ɗansa, ya durƙusa a gefen gadon ya ce, "Baba, tun yaushe ka daina jin wurin?" Kawu ya juyar da kai bango ya ce, "Yau kwana takwas." Likitan bai ce komai ba, amma na ga yadda ya runtse ido.

Ga bayanin da aka yi mana. Ita laka a jikin baligi ba ta kai ƙarshen gadon baya ba, tana tsayawa ne a wajen ƙashi na farko ko na biyu na ƙugu. Daga nan zuwa ƙasa jijiyoyi ne a tare kamar tufkar gashi suke sauka cikin ramin, shi ya sa masana suka raɗa musu suna wutsiyar doki. A cikinsu akwai masu kula da mafitsara, da dubura, da al'aura, da ƙafafu. In gammo ya fashe ta gefe, jijiya ɗaya yake dannewa, irin na Yaya ke nan. In kuwa ya fashe ta tsakiya da yawa, sai ya cika ramin ya shaƙe wutsiyar dokin gaba ɗaya. Wannan ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya faru likitoci so suke a buɗe a cire cikin kwana ɗaya ko biyu, domin jijiyar da ta daɗe a shaƙe ba lallai ta farfaɗo ba. An yi wa Kawu aiki, kuma aikin ya yi kyau. Ƙafafunsa sun dawo har yana takawa da sanda zuwa masallaci. Mafitsarar ce ba ta dawo ba, har yau da roba yake fitsari. Mutumin da ke aza buhu shi kaɗai, yanzu lissafinsa kullum shi ne inda zai samu robar da za ta kai shi wata.

Wanda ya ƙara buɗe mini ido a kan wannan lamari wani abokina ne likitan dabbobi, da na kai masa kukan abin da ya samu Kawu. Ya ce da ni, "Ai mu wannan kullum muna cikinsa, sai dai namu majinyatan ba sa ɓoyewa." Na ce dabba ma tana ciwon faifai? Ya yi dariya ya ce in zauna.

Ya ce ginin ɗaya ne. Kusan duk dabbar da ke shayar da 'ya'yanta ƙashin wuyanta 7 ne, daga ɓera har raƙumi, har raƙumin dawa mai dogon wuyan nan, sai 'yan kaɗan da suka fita daban. Bambancin a ƙasa yake: kare na da 13 a wajen haƙarƙari da 7 a ƙugu, sa na da 13 da 6, doki 18 da 6. Kuma duk da gammo a tsakani. Ka ga ke nan masu cewa ciwon faifai haraji ne da ɗan Adam ke biya don yana tafiya a tsaye ba su faɗi gaskiya duka ba, tunda mai ƙafa huɗu ma yana yi.

A cikin dabbobin gida kare ne ya fi kowa shan wahalarsa, kuma a cikin karnuka akwai wani iri na ƙasar Jamus da ake kira Dachshund, mai dogon jiki da gajerun ƙafafu, wanda aka ƙirƙiro don ya riƙa shiga rami yana fito da wata dabba mai kama da dage. Kusan ɗaya cikin biyar na irin wannan kare sai faifansa ya ba shi matsala a rayuwarsa. A shekarar 1952 wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Suwidin, Hans-Jörgen Hansen, ya kasa lalurar gida biyu, kuma har yau da rabonsa ake aiki. Na farko shi ne na gajerun karnukan nan: tun suna ƙanana tsakiyar gammonsu ke bushewa ta yi tauri kamar alli, rana ɗaya kare ya yi tsalle daga kujera sai ta fasa bangon ta fito da ƙarfi. Na biyu na manyan karnuka ne in sun tsufa, bangon ke bunƙurowa sannu a hankali. A 2017 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano ƙwayar gadon da ke bayan na farkon, wadda ke gajarta ƙafar kare ta kuma tsofar masa da gammo tun da wuri.

Abin da ya sa na kare ya fi muni, in ji abokina, shi ne lakarsa ta fi tamu sauka ƙasa, ta kai kusan ƙarshen ƙugu, kuma gammon da ya fi fashe masa a tsakiyar baya yake. Don haka lakar kanta yake bugu, sai ka ga kare yana jan ƙafafun baya a ƙasa. In an kawo shi, abu na farko da likita zai yi shi ne ya matse masa ɗan yatsa da ƙarfi ya ga ko zai waiwayo ko ya yi kuka, sannan ya taɓa mara ya ji ko ta cika. In yana jin zafi, akwai kyakkyawan zato, wani ma hutu da magani sun ishe shi. In ba ya ji, to an shiga ƙidayar awoyi. Na yi shiru, domin tambayoyin da aka yi wa Yaya da Kawu ke nan, ba ƙari ba ragi.

Na ce to jaki fa, da ya fi kowa ɗaukar kaya? Ya ce doki da jaki gammonsu siriri ne, kusan duk zare ne, mai laushin cikinsa kaɗan ne, saboda haka da wuya ya fashe. Ciwon bayansu ya fi zuwa daga mikin sirdi da mangala da wahalar tsoka. Wato jakin da ke dakon yashi ya tsira, karen da ke kwana a kan katifa bai tsira ba. A mutane ma haka abin yake da ɗan kama. Wani dogon bincike da aka yi a kan tagwaye maza a ƙasar Finlan ya nuna cewa gado yana da babban hannu a tsufan gammo, fiye da yadda ake zato, ko da ɗaya ɗan ƙwadago ne ɗayan ma'aikacin ofis. Shan taba ma yana ƙarawa, domin yana rage ɗan abincin da gammon ke tsotsa.

Wannan ba ya nufin yadda ake ɗaukar kaya ba shi da tasiri. A 1999 wasu masana a Jamus sun saka ma'auni a cikin gammon ƙugun wani mutum mai rai suka auna. Matsin da ke kansa in yana tsaye ya ninka na kwanciya sau biyar. In ya sunkuya da baya a lanƙwashe ya ɗaga kilo 20, wato ruwa lita 20, matsin ya ninka na tsayuwa fiye da sau huɗu. In kuwa ya rungume kayan a jikinsa, bai kai rabin wancan ba. Saboda haka in za ki ɗauki baho ko jarka, ki matso kusa da shi, ki lanƙwasa gwiwa, kada ki murɗa ƙugu da kaya a hannu. In kuma buhu ne, a kira na biyu ya kama, ba ragwanci ba ne.

Akwai wani abu guda da abokina ya ce kada in manta, domin ya shafi ƙasarmu kai tsaye. Ba duk ciwon gammo ne na tsagewa ba, wani ƙwayar cuta ce ke shiga ta ci shi tare da ƙashin da ke kusa. Tarin fuka yana yin haka, tun 1779 wani likitan Ingila mai suna Percivall Pott ya bayyana shi, kuma in an bar shi yana karya ƙashi ya fitar wa mutum da doro ko ya kashe ƙafafu. Haka nan cutar nan da ke sa shanu da awaki ɓari tana kama mutum ta hanyar nonon da ba a tafasa ba ko taɓa mahaifar dabba da hannu, kuma ƙugu na cikin wuraren da take son zama. Duka biyun suna da magani. Alamarsu ita ce ciwon baya tare da zazzaɓi, da gumin dare, da rama, ciwon da ba ya lafawa ko an kwanta.

A taƙaice, ga abin da nake roƙon mai karatu ya riƙe. In ciwon a baya yake kawai, ko ya sauka ƙafa ɗaya amma ƙafar da ƙarfinta, to a ga likita, a ci gaba da motsi daidai gwargwado, a yi haƙuri, kada hoto ya tsorata kowa ya sayar da gona. A kuma yi hattara da haɗin ƙwayoyin kemis, domin masu kashe zafin nan in aka daɗe ana sha suna cin ciki da ƙoda. Amma in fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba, in bayan gida ya kufce, in matse-matsi ya mutu, in ƙafa biyu suka yi sanyi ko tafin ƙafa ya fara ja a ƙasa, to ko tsakar dare ne a nemi mota, kuma a nufi babban asibiti inda ake aikin laka.

Sannan mu da ke jinyar iyaye da mazaje da mata, mu sani cewa ba za su faɗa da bakinsu ba. Kunya ado ce, amma dattijo zai gwammace ya rasa ƙafa da ya ce wa ɗansa ya jiƙa shimfiɗa. To mu za mu tambaya. In kai ba za ka iya ba, ka samu sa'ansa ko amininsa ya shiga ɗakin ya rufe ƙofa ya tambaye shi. In mace ce, a tura 'yar'uwarta. Tambaya uku ce kawai: fitsari yana fita yadda ya saba? Kana jin ruwa in ka yi tsarki? Ƙafar tana ɗaukarka? Minti ɗaya ya isa a yi su, kuma ranar farko ake yi, ba a bari sai an ga abin da hali zai yi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma Ya ƙara mana. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.